Audugar Bayan Danga

Furenta na fara gani. Rawaya ne, da ɗigon ja a tsakiya, ya leƙo ta saman dangar kara a gidan da ke ƙarshen unguwa, a tsakiyar rani, lokacin da ko ciyawa ba ta da sauran kore. Na taka birki na sauko daga keke. Auduga ce, amma ba irin wadda aka koya mana a makarantar aikin gona ba. Wannan ta fi ni tsawo, gindinta ya kai kaurin damtse, ga fure, ga kuma wadda ta riga ta fashe fari fat.

Kwanana uku ke nan da kama aiki. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ɗan shekara ashirin, aka turo ni daga Malumfashi zuwa Dayi a matsayin malamin gona, aka damƙa mini keke da ƙauyukan da ke kewaye. Kayana duka akwatin ƙarfe guda ne, kaki biyu a sama, ƙasansa kuwa cike da 'yan ƙananan littattafan labarai da nake saye a bakin tashar Funtua. A cikinsu saurayi kan bar gida, ya isa baƙon gari, ya ga wani abu mai kyau a bayan shinge, daga nan rayuwarsa ta sake. Na karanta irin wannan har na yarda haka duniya take. Don haka da na ga furen nan, ban yi shakka ba akwai budurwa a bayan dangar. Har hula na gyara.

Tsohuwa ce ta fito, Bamagujiya, da zane ɗaure a ƙirji, mazari a hannu, yatsunta sun yi fari da alli. Ta dube ni tun daga hula har zuwa gajeren wandon kaki.

"Kai kuma daga ina, da gwiwoyi a waje?"

"Sannu, Iya. Ni ne sabon malamin gona."

"Af! Ashe ango aka kawo mini. Manya sun ƙare, sai mai guntun wando. To shigo ka sha ruwa, ango ba ya tsayawa a bayan danga."

Na sha ruwan ina satar kallon audugar. Na san doka, don ita aka fi nanata mana: da an gama tsinkar auduga, kowane kara sai an tuge shi an ƙone, saboda tsutsar da ke cin auduga a cikinsa take yin rani ta jira shuka mai zuwa. Na fara yi wa Iya bayani da murya irin ta makaranta, ta katse ni.

"Wannan ba ta gwamnati ba ce. Daga gidan uwata na zo da irinta, can bayan Kafur, a ƙulle a bakin zane ranar da aka kawo ni. Ruwan wanke-wanke take sha, ba ta ci wa kowa komai ba."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini abin da take yi da ita. Kowace shekara abin da bishiyar ta bayar takan gurje shi, ta shiɓe, ta kaɗa zare, masaƙin unguwa ya saƙa mata zugu, farin saƙi siriri mai faɗin tafin hannu. Zugun nan take harhaɗawa ya zama zanen da za a rufe ta da shi.

"Da irinsa aka rufe uwata, da irinsa aka rufe kakata. In na je musu da farin kanti ba za su gane ni ba. Saura na shekara biyar ya cika."

Da zan tafi ta tsinko auduga guda da anguryarta a ciki ta miƙo mini.

"Tunda kai ba ka zo da komai ba, bari ni in yi maka toshi."

Na sa ta a tsakiyar wani littafi, don samarin labaraina ba sa yar da irin wannan. A rahoton wata kuma na rubuta cewa an tuge karan auduga duka a unguwar. Ranar na ji ni wani ne, mai rufa wa tsohuwa asiri a gaban hukuma.

Shekarar farko da zuciya ɗaya na yi aiki. Saƙon ofis guda ne: da ruwa ya zauna a shuka auduga, a layi, a gwada da igiya. Ina fita da hantsi, ina kaɗa ƙararrawar keke tun daga rafi don a san na iso. A tara mini mutane a gindin ɗorawa, in yi bayani har muryata ta dushe, su yi ta gyaɗa kai suna cewa madalla. Da ruwa ya sauka sai kowa ya shuka gero da dawa, ya yi musu noman farko, har ya yi maimai, sannan a tuna da auduga.

Na kai kuka wurin Sarkin Noman unguwar su Iya, dattijo mai manyan rumbuna shida a ƙofar gida.

"Malam," ya ce, "ana tuƙa tuwo da auduga?"

"Ba a tuƙawa, Baba."

"To in na shuka ta da ruwan fari, ranar da ciyawa ta taso wa zan fara nome wa, ita ko dawa? Hannuna biyu ne, na 'ya'yana ma bibbiyu ne. Kai da ka yi makaranta ka raba mini."

Na kasa raba masa. Na ɗauki maganar kamar wanda ya tsinci zinariya, na kai wa babban malamin gona a Malumfashi, mutumin da muke ƙarƙashinsa, wanda kan zagayo mu a kan babur. Bai ɗago kai daga takardunsa ba.

"Ba a aike ka ka ji ta bakinsu ba. An aike ka su ji ta bakinka."

Shekara ta biyu na faɗi abin da na faɗa bara, a gindin ɗorawar bara, ga mutanen bara, suka ce madalla, suka shuka dawa. Ofis ya ce laifina ne, ban iya magana ba. A ƙauye kuma da an gan ni sai mata su ce ga mai igiya nan ya dawo. Ni kuwa na san Sarkin Noma ke da gaskiya, kuma na san gobe zan tashi in je in gaya masa ba shi da ita.

Ban san ranar da abin ya fara cina ba. Na dai lura da safe ina daɗewa zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Tuwon da matar mai masaukina ke aiko mini ya daina yi mini ɗanɗano. In na buɗe littafi sai in karanta shafi guda sau uku ban san wa ke son wa ba, har na rufe akwatin na ɗora buta a kai. Akwai wata tsamiya a rabin hanya, can na koma yini. In jingine keke, in zauna ina kallon tururuwa har la'asar, in dawo in rubuta cewa na ziyarci ƙauye kaza da ƙauye kaza. Wata rana na kwafe rahoton bara kalma da kalma, sunan wata kawai na sake. Na yi mako biyu ina jiran a kira ni ofis. Ba wanda ya ce uffan. Da an kama ni da ya fi mini sauƙi.

Na je Funtua na sami mahaifina a zaure, na durƙusa na ce ina so in bar aikin.

"Sata ka yi?"

"A'a, Baba."

"Korarka za a yi?"

"A'a. Na gaji ne."



"Ka gaji. Kai da ke kan keke. Yayyenka da ke riƙe da garma tun asuba su ce me? Duk zuriyarmu kai kaɗai ka sa kakin gwamnati. In na shiga masallaci baban malam ake ce mini. Kar in sake jin wannan magana."

Inna ta ƙulla mini yaji da kuka ta raka ni har soro. Na rubuta takardar neman canjin wuri na kai ofis. Babban malami ya karɓa, ya ajiye a gefen tebur, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Da na komo bayan wata guda tana nan, da zoben kofi uku a jikinta.

A rani na huɗu abin ya fashe. Babban malami ya zo duba tugar kara ba tare da ya aiko ba, ranar kasuwar Dayi, da wani baƙo daga babban ofis a bayan babur. Rahotona ya ce an tuge komai. Su kuwa tun daga bakin hanya suka ga gonaki tsaye da karansu, don ban taka wajen ba. A tsakiyar kasuwa ya tsayar da ni, a gaban masu tsire da masu awon hatsi.

"Ga shi nan, malamin gindin tsamiya! Ka zaci ba a gaya mini? Rago, maƙaryaci. Nan da mako zan dawo. In na ga kara ɗaya a tsaye, ɗaya tak, ka cire kakin nan ka koma gidan ubanka."

Wani ya yi dariya a rumfar mahauta. Na ari adda da fartanya a wurin wani maƙeri na hau keke.

Gonakin da aka gani na manyan magidanta ne, masu 'ya'ya ƙarti. Na wuce su ɗaya bayan ɗaya ban ko rage gudu ba. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar rubutawa. Babban malami bai san da audugar Iya ba, ba ta kan hanya, ba mai ganinta sai wanda ya zagaya ƙarshen unguwa. Amma can ƙafafuna suka kai ni.

Tana zaune a inuwar ɗaki tana kaɗi.

"Ango, yau ba sallama?"

Na wuce ta. Na sare rassan, na sare gindin, na sa fartanya na tone saiwar har ƙarshenta don kada ta toho. Na tara komai wuri guda, da fure da audugar da ba ta tsinka ba tukuna, na ƙyasta ashana. Jikokinta mata suka fito suna kururuwa, ta ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ba ta tashi ba. Mazarin yana rataye a hannunta, ya gama juyawa ya tsaya.

Na tsaya har wutar ta cinye. Ina jiran in ji wani abu, ko daɗi ko baƙin ciki, ban ji komai ba, kamar na share tsakar gida. A hanyar dawowa ne tsoro ya kama ni, don na gane mutumin da ya gyara hula saboda fure guda ba ya cikin kakin nan, kuma ban san tun yaushe ya fita ba.

Kwana biyu ina kwance a ɗaki, ba zazzaɓi ba ciwon kai. A na uku Sarkin Noma ya aiko a ce ya sa an tuge karan unguwarsu, kada a kore ni a kawo musu wanda ba su sani ba. Ɗan aiken ne ya gaya mini sauran: ba wani irin audugar nan a ko'ina. Na maƙwabta malaman da suka riga ni sun ƙone tuntuni. Iya kuwa ba ta taɓa ajiye iri ba, angurya awaki take ba, don me za ta ajiye alhali uwar tana tsaye? Zanen saura na shekara biyu.

Babban malami ya dawo, ya zagaya, bai sami abin faɗa ba, ya tafi. Aikina ya tsira. Na fi mako biyu ina kauce wa ƙarshen unguwar, har ranar da hanya ta tilasta mini. Na sunkuyar da kai zan wuce ta kira ni.

"Kai, mai keke. Zo nan."

Ba ta ce ango ba. Na jingine keken na durƙusa a gaban baƙin tabon da wuta ta bari.

"Iya, na yi laifi. Doka ce ta..."

"Rufe mini baki da doka. Shekara uku dokar tana barci?" Ta shafa alli a yatsa. "Ni ba ran nan ka fara ba ni tsoro ba. Tun bara ƙararrawarka ta mutu. Da, tun daga rafi muke jin ka, yara su ce ga angon Iya. Sai ka koma shigowa kamar mai bin sawun ɓarawo, ba ka gaida kowa, idonka kamar na jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Na ce wa 'yata yaron nan ba lafiya ba, ta ce ai yana tafiya da ƙafafunsa."

Ta nuna tabon da mazari.

"Ka gaji, ka rasa wanda za ka gaya wa, sai ka zo ka gaya wa audugata."

Nan hawaye suka zo, waɗanda suka ƙi zuwa a gaban wuta. Mahaifina na gaya masa da bakina bai ji ba, wannan kuwa ban gaya mata ba ta gani. Ta bar ni na yi mai isata.

"Share fuskarka, kana ba kaki kunya. Ban yafe ba tukuna. Tashi ka tafi."

Ina tura keke a gangaren rafi maganar toshi ta faɗo mini. Na hau na yi ta gudu har Dayi. Na sauke butar, na buɗe akwatin, na zazzage littattafan a tabarma ina girgiza su ɗaya ɗaya. Gara ta ci gefen wasu. A cikin wani mai yagaggen bango audugar ta faɗo, ta lanƙwashe ta yi launin ƙasa. Na murza ta da yatsa na ji ƙwayoyi. Bakwai ne.

Washegari na kai mata a tafin hannu. Ta kai su kusa da ido ta daɗe tana juyawa.

"Sun tsufa kamar ni. Wane irin mutum ne ke ajiye auduga a cikin takarda shekara uku?"

"Toshi ne, Iya."

"Wawa," ta ce, ta ƙulle su a bakin zane.

Da ruwa ya zauna ta shuka su a bayan danga, nesa kaɗan da tabon. Biyu suka fito.

Ina so in ce daga nan na ajiye kaki na kama hanya kamar samarin littattafaina, amma ban ajiye ba. Mahaifina yana nan, takardata tana ƙarƙashin kofi. Abin da na iya shi ne na daina yin ƙarya, da baki da alƙalami. Na rubuta a rahoto cewa mutanen nan ba za su shuka auduga kafin dawa ba, na kawo dalilin Sarkin Noma yadda ya faɗa. Wannan karon an karanta, don an aiko mini da takardar gargaɗi, waɗanda muka fara aiki tare kuma suka wuce ni. Na daina tara mutane a gindin ɗorawa. Sai in je gonar mutum ɗaya, in karɓi fartanya in yi kunya biyu tare da shi, mu yi maganar abin da ke damun shukarsa. Tsutsar kuwa gaskiya ce, na gan ta da idona, don haka na roƙi matan unguwanni su riƙa tuge karan da wuri suna girki da shi, aka huta da faɗa. Ranar Juma'a kuma ba na taɓa keke, daga masallaci sai tabarma da littafi. A hankali na koma sanin wa ke son wa.

Gajiyar ba ta tafi duka ba. Akwai safiyoyin da nakan zauna da takalmi ɗaya a ƙafa, amma na san sunan abin, kuma nakan je in faɗa wa Sarkin Noma, ya yi mini dariya ya sa a kawo mini fura. Audugar biyu kuwa muka yi sharaɗi da Iya: kowane rani ta datse rassan da hannunta ta ƙone, gindin ya zauna. A ƙarshen kowane rahoton rani ina rubuta cewa saura gindi biyu a bayan wata danga, da sanina. Ba a taɓa tambayata ba. Ta koma kirana ango a shekara ta biyu. Kalmar yafewa dai ba ta furta ba, ni ma ban sake nema ba.

Sabbin ba su ba da auduga kamar uwarsu ba, ga datsa kowace shekara, ga idon Iya ya fara rauni, zaren yana yawan tsinke mata. Abin da ya rage na shekara biyu ya ci huɗu bai cika ba. Ana cikin haka takardata ta fito daga ƙarƙashin kofi, aka mayar da ni Bakori, aiki iri ɗaya, igiya iri ɗaya.

A can labarin rasuwar Iya ya same ni, bayan kwana uku da rufe ta. Na hau keke na je. 'Yarta ce ta karɓe ni a inda na fara shan ruwa, na yi mata gaisuwa, sannan na tambayi abin da ya kawo ni, ko zanen ya cika.

"Saura zugu ɗaya, Malam. Ya rufe ta tun daga kai har idon sawu, ƙafafun ne a waje. Mun ce a ƙara da farin kanti, ashe ta riga ta ja wa kowa kunne. Sai muka tsinko ta bana daga bayan danga, ba gurza ba kaɗi, muka lulluɓe mata ƙafafun da ita."